Kambi Uku a Kan Tagulla: Sultan Muhammadu Fatih da Lambobin Maƙeran Italiya

A watan Janairun 1479 Jamhuriyar Venis ta yi sulhu da Sultan Muhammadu na Biyu, wanda muka fi sani da Muhammadu Fatih, bayan shekara 16 ana gwabza yaƙi. Sulhun bai yi wa Venis daɗi ba. Ta haƙura da tsibirin Negroponte, ta miƙa garin Shkodra na Albaniya, ta kuma amince za ta riƙa biyan dukat 10,000 na zinariya duk shekara domin a bar fatakenta su ci kasuwa a ƙasar Sultan. Watanni kaɗan bayan haka sai ga manzo daga Istanbul, wato Ƙusɗanɗiniyya ta da, da wata buƙata da ba ta shafi jirgi ko haraji ba: Sultan yana son a aiko masa da gwanin zanen fuska. Majalisar Venis ba ta ɗauki maganar da wasa ba. Ta zaɓi Gentile Bellini, mai zanen da gwamnati kanta ke ji da shi, ta miƙa aikin da yake yi a fadar gari ga ƙaninsa Giovanni, ta sa shi a jirgi a watan Satumba.

Cikin abubuwan da tafiyar ta haifar akwai wata lamba ta tagulla mai ɗauke da fuskar Sultan a gaba, da kambi uku a baya. Ita da wasu lambobi biyu, ta Costanzo da Ferrara (wato Costanzo na garin Ferrara) da ta Bertoldo di Giovanni, duka an yi su ne a shekarun ƙarshe na rayuwarsa. Mu a nan an fi kawo mana Fatih a wa'azi da darasin tarihi a matsayin matashin da ya buɗe Ƙusɗanɗiniyya yana ɗan shekara 21, kuma haka ne. Sai dai lambobin nan suna nuna wani ɓangare nasa da ba a cika faɗa mana ba: mutumin da ya ci birnin Ƙaisar bai tsaya a matsayin wanda ya rushe daular Rum ba, ya nemi a san shi a matsayin wanda ya gaje ta, kuma ya san da wane irin harshe ake faɗa wa Turawa haka.

Wace irin lamba ce

Ba kuɗi ba ce, ba a sayen komai da ita. Ba kuma irin wadda ake rataya wa soja a ƙirji ba ce. Faifai ne na tagulla ko dalma, jefi-jefi azurfa ko zinariya, da yawa daga cikinsu faɗinsu ya kai santimita 8 zuwa 12, wato abin da zai cika tafin hannun babban mutum. Kuɗi bugawa ake yi da guduma, amma lambobin wancan zamani zubi ne. Maƙeri zai fara sassaƙa fuskar da kakin zuma a kan wani faifai na dutse ko katako, ya fitar da gashin gemu da naɗin rawani da haruffa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya danna samfurin cikin ƙasa mai laushi da aka kwaɓa, gaba daban baya daban, ya haɗa ɓarin biyu, ya zuba narkakkiyar tagulla. Idan ta huce ya fasa, ya bi ta da magagari da ɗan ƙarfen sassaƙa yana gyarawa. Wanda ya samu guda yana iya danna ta cikin ƙasa ya zuba wata, shi ya sa suka yaɗu. Kowane sabon zubi kuwa yakan ɗan tsuke, layukansa su dushe, kuma da wannan ne masana a yau suke bambance na fari da na baya.

Abin da ya ba ta daraja a idon manyan Italiya shi ne kamarta da tsofaffin kuɗin sarakunan Rum: kai a gefe guda, suna da laƙabi sun kewaye shi da haruffan Latin, a baya kuma wata alama da ke ba da labarin mai ita. Masu ilimi na tara waɗannan tsofaffin kuɗi suna nazari. A 1354 mawaƙi Petrarch ya kai wa Sarki Charles na Huɗu kyautar wasu a Mantua, yana nuna masa magabatan da ya kamata ya yi koyi da su. Saboda haka duk wanda fuskarsa ta hau irin wannan faifai ya shiga sahun Augustus, sarkin daular Rum na farko, ko da kuwa ƙaramin gari yake mulka. Ga ta da sauƙin aikawa: ta shiga aljihun jakada, ruwa ba ya ɓata ta, asu ba ya ci.

Sarkin da ya zo roƙo

Ba za a fahimci lambobin Fatih ba sai an koma shekara 40 baya, ga lambar da ake ɗauka ita ce mafarin wannan sana'a a zamanin farfaɗowar fasaha a Italiya. A farkon 1438 Sarkin Rumawan Gabas, John na Takwas Palaiologos, ya sauka Venis da tawagar mutum kusan 700, har da babban limamin cocin Girkawa, Joseph na Biyu. Daularsa ta riga ta zaizaye, saura birnin Ƙusɗanɗiniyya da 'yan yankuna a Girka, Turkawa sun kewaye shi. Ya zo taron haɗe cocin Gabas da na Yamma ne a Ferrara, da fatan idan an haɗe Fafaroma zai tara masa runduna. Kuɗin zaman ma Fafaroma ke biya. Annoba da ƙarancin kuɗi suka sa aka mayar da taron Fulorens, inda aka shelanta haɗewar a watan Yulin 1439.

A Ferrara mai zane Pisanello ya gan shi, ya yi ta zana shi da mutanensa da dawakansu, daga nan ya zuba lamba mai faɗin kusan santimita 10. Abin lura shi ne abin da ya bari. Babu kambi a kan sarkin, babu sandar mulki, babu mikiya mai kai biyu wadda gidan Palaiologos ke amfani da ita. Abin da ya sa masa shi ne doguwar hular da ya gan shi da ita, mai tudu a sama da baki mai tsini a gaba, sai gemu mai tsini, sai gashi da ya zubo bayan wuya. Rubutun da ya kewaye shi da Girkanci ne, yana kiransa sarki kuma mai mulkin Rumawa. A baya sarkin yana bisa doki, da kwari da baka, ya tsaya gaban wani gicciye a bakin hanya yana addu'a, baransa na gefe a kan wani dokin ya ba mu baya, duwatsu sun kewaye su. Har tsagar da aka yi wa hancin dokin Pisanello bai manta ba.

Takardun zanensa suna nan, ɗaya a gidan tarihi na Louvre a Paris, ɗaya a Chicago. A kan ta Louvre ya kwafi wani dogon rubutun Larabci da manyan haruffa, addu'ar ɗaukaka ce ga Sultan al-Mu'ayyad Shaikh, sarkin Mamluk na Masar da ya yi mulki daga 1412 zuwa 1421. Masana na ganin daga jikin wata riga ta sarkin ko ta tawagarsa ya kwafo, rigar da ta fito daga Alƙahira. Wato sarkin Kirista da ya zo neman taimako a kan Musulmi yana tafe da sunan sarkin Musulmi a saƙe cikin kayansa. Haka fadodin wancan zamani suke, kayan alfarma na tsallake iyaka ko da takubba na zare.

Taimakon bai yi amfani ba. Rundunar da aka tara ta sha kashi a Varna a 1444 a hannun Sultan Murad na Biyu, mahaifin Fatih. John ya rasu a 1448, ƙaninsa Constantine na Goma Sha Ɗaya ya mutu a ranar da birnin ya faɗi, 29 ga Mayun 1453. Lambar kuwa ta ci gaba da yawo. Masu zane a Italiya suka mayar da wannan fuska mai hula da gemu ta zama fuskar duk wani sarkin Gabas. Piero della Francesca ya sa wa Constantine Babba ita a bangon wani coci a Arezzo. A babban littafin tarihin duniya da aka buga a Nuremberg a 1493, hoton da aka sa a matsayin Sultan Muhammadu daga wannan lamba ya samo asali. A idon mai zanen Turai, wanda ke zaune a Ƙusɗanɗiniyya ga kamarsa nan, ko wane ne shi.

Rigimar gado

Fatih ya ɗauki laƙabin Ƙaisar na Rum, kuma bai tsaya ga suna ba. A farkon 1454 ya naɗa Gennadios Scholarios babban limamin cocin Girkawa, aikin da a da sarkin Rumawa ne ke yi. Shi Scholarios ɗin yana cikin tawagar da ta je Ferrara da Fulorens, daga baya ya juya wa haɗewar baya. Sultan ya ci Morea ta kudancin Girka a 1460, ya ci Trebizond ta gaɓar arewacin Turkiyya ta yau a 1461, wato ya kawar da sauran gidajen da za su iya cewa su ne magadan Rum ta Gabas. Yana da marubutan Girkanci a fadarsa, ana karanta masa tarihin Iskandar Babba. Wani malami Bagirke da ke zaune a Italiya, George na Trebizond, ya rubuta masa a 1466 cewa wanda ya riƙe kujerar daular shi ne sarkinta, kujerar kuwa Ƙusɗanɗiniyya ce. Fafaroma Pius na Biyu ma ya rubuta wata doguwar wasiƙa a 1461 yana cewa idan Sultan ya karɓi baftisma za a amince da shi sarkin Girkawa da Gabas. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa a Rum ma ba a ɗauki da'awar a matsayin tatsuniya ba.

Amma akwai wani mai da'awar. Frederick na Uku na gidan Habsburg, wanda Fafaroma ya sa wa kambi a birnin Rum a 1452, shi ma sarkin Rumawa ake kiransa, kuma tun zamanin Sigismund, wanda ya riƙe sarautar kafin shi, mikiya mai kai biyu ta zama tambarin wannan sarauta ta Yamma. Daga baya Ivan na Uku na Mosko, wanda ya auri 'yar gidan Palaiologos a 1472, ya sa ta a hatiminsa. A manyan lambobin nan uku na Fatih ba a ga mikiyar ba. Tsuntsuwar ta riga ta yi masu ita da yawa, kuma duka Kiristoci. Abin da masu yi masa lamba suka ɗauka shi ne laƙabin imperator, wato sarkin daula da Latin, da doki, da kambi, da karusar nasara.

Yunƙurin farko ya watse a hanya. A 1461 Sigismondo Malatesta, mai mulkin Rimini, ya tura masa gwanin lambobinsa Matteo de' Pasti, tare da kyautar littafin dabarun yaƙi na Roberto Valturio. Mutanen Venis suka tare shi a tsibirin Kirit, suka ga littafin da taswirar da yake ɗauke da ita, suka zarge shi da leƙen asiri, suka mayar da shi. Su dai sun gane cewa tafiyar mai zane zuwa fadar Sultan ba ta rabuwa da siyasa.

Costanzo: dokin ya canja mahayi

Costanzo da Ferrara ya isa Istanbul ne ta hannun Sarki Ferrante na Napoli, wanda Sultan ya nemi ya aiko masa da mai zane. Lambarsa ita ce mafi girma a cikin ukun, ta ɗan haura santimita 12, kuma zubin farko da aka sani yana gidan zane na ƙasa a Washinton. A gaba ga Sultan da ƙaton rawani, wuya kauri, hanci mai lanƙwasa, kafaɗu sun cika faifan. Babu ƙawatawa, mutum ne mai ƙarfi wanda jiki ya fara yi wa nauyi. Rubutun ya kira shi sarkin Turkawa.

A juya ta, sai a ga salon Pisanello. Mahayi guda bisa doki, yana tafe cikin duwatsu, itatuwa ba ganye, can bisa tudu ga ganuwa. Tsarin iri ɗaya ne da na lambar John, sai dai an cire gicciye, an cire addu'a, an cire bara. Mahayin yanzu yana riƙe da sanda, dokinsa na taku gaba. Rubutun da ke kewaye kirari ne tsantsa, irin wanda maroƙi zai kwarara idan sarki ya fito: wannan tsawar yaƙi ce, ta kayar da al'ummu da birane. Duk Ba'italiyen da ya taɓa riƙe lambar John, kuma da yawa daga cikin manyansu sun riƙe, zai gane saƙon ba sai an fassara masa ba. Doki ɗaya ne, hanya ɗaya ce, mahayin ne ya canja.

Dokin ma kansa tsohuwar alamar sarautar Rum ce. A birnin Rum akwai mutum-mutumin Marcus Aurelius bisa doki. A Ƙusɗanɗiniyya, kusa da Ayasofiya, akwai na Justinian, tsohon sarkin Rumawan Gabas, a kan dogon ginshiƙi, yana riƙe da dunƙulen duniya a hannu guda, ɗayan hannun ya miƙa gabas. Fatih ya sa an sauke shi bayan ya ci birnin. Ya sauke na tagulla mai tsayi da duk jirgin da ya doso birnin ke hangowa, ya bar nasa a kan faifan da sai wanda aka ba zai gani. Ina ganin wannan bambanci shi ne zuciyar lamarin, zan kuma komo kansa.

A 1481 aka sake zuba lambar Costanzo da sabon rubutu. A nan ba sarkin Turkawa kaɗai aka kira shi ba, an ce sarkin Bizantiya, wato tsohon sunan Ƙusɗanɗiniyya da ake kiran daularta da shi, a baya kuma sarkin Asiya da Girka.

Bellini: kambi uku

Bellini ya yi sama da shekara guda a Istanbul. Shahararren hoton Sultan da ya zana, wanda ke gidan zane na ƙasa a Landan, yana ɗauke da kwanan wata 25 ga Nuwamban 1480. Fuskar da ke ciki da wadda ke kan lambarsa ba irin ta Costanzo ba ce. Ta rame, hancin ya ƙara fitowa, ido ya yi zurfi. Wata biyar da 'yan kwanaki suka rage masa a duniya.

Lambar ba ta kai ta Costanzo girma ba, ba ta kai ta ƙwarewar zubi ba kuma, don Bellini mai zane ne ba maƙeri ba. Gabanta fuska ce da rawani da laƙabin babban Sultan kuma imperator. Bayanta babu doki, babu duwatsu, babu kowa. Kambi uku ne kawai, ɗaya bisa ɗaya, a fili fetal, sai sunan Bellini da laƙabansa na girmamawa sun kewaye su. Kambunan irin na Turai ne, zobe mai tsinaye a sama, abin da babu wani sultan na Daular Usmaniyya ta Turkawa da ke sa wa kansa. Alamar sarautarsu rawani ce da takobi da tugra, wato sa hannun sarki mai murɗaɗɗen rubutu. Kambi yaren Turawa ne, don su aka yi shi.

Fassarar da aka fi yarda da ita ita ce kambunan na nufin dauloli uku da ya haɗa: Girka, da Trebizond, da Asiya. A hoton Landan ma suna nan, uku a kowane gefe na bakan da Sultan ke ciki, da wani guda a kan ƙyallen da aka shimfiɗa a gabansa. Wasu masana sun haɗa su suka samu bakwai, suka ce ana nuni ne da cewa shi ne sultan na bakwai a gidan Usman. Ba za a manta ba kuma cewa hular Fafaroma hawa uku ce, kambi bisa kambi bisa kambi. Duk Bature na wancan ƙarni da ya ga uku a jere a tsaye, da wuya hankalinsa bai je can ba.

A ganina wannan ce ta fi sauran ƙarfi, kuma saboda ƙarancin abin da ke kanta ne. Ba ta zagi kowa ba, ba ta nuna an ɗaure kowa ba. Lissafi kawai ta yi, ta ajiye shi a gaban mai kallo.

Bertoldo: godiyar Lorenzo

Ta ukun ba a Istanbul aka yi ta ba, kuma mai yin ta bai taɓa ganin Sultan ba. Labarinta ya fara ne ranar 26 ga Afrilun 1478 a babban cocin Fulorens, inda 'yan gidan Pazzi da abokan ƙullinsu suka far wa Lorenzo de' Medici, mai juya akalar mulkin birnin, da ƙaninsa Giuliano ana tsakiyar ibada. Giuliano ya mutu, Lorenzo ya tsira da rauni a wuya. Ɗaya daga cikin makasan, Bernardo Bandini Baroncelli, ya gudu har Istanbul. Sultan ya sa aka kama shi, ya miƙa shi ga jakadan Fulorens, aka rataye shi a ƙarshen Disambar 1479. Leonardo da Vinci yana wurin, ya zana gawar tana lilo, ya rubuta launin tufafinta a gefe.

Bertoldo di Giovanni ɗan gida ne a wurin Lorenzo, almajirin gwanin sassaƙa Donatello ne, kuma a hannunsa Michelangelo ya koyi sassaƙa daga baya. Lambar da ya zuba wa Sultan wajen 1480 masana sun fi ɗaukarta a matsayin tukuicin Lorenzo. Fuskar ta yi kama da ta lambar Bellini, sai dai an rataya masa jinjirin wata a ƙirji. Rubutun ya kira shi sarkin Asiya da Trebizond da Babbar Girka.

Bayanta cike yake fal. Dawakai biyu na jan karusa, gunkin yaƙi na Rumawa, Mars, yana jan gaba. Sultan na tsaye a can sama da rawaninsa, mayafi na kaɗawa a bayansa, a hannu guda yana ɗaga ɗan ƙaramin mutum-mutumi, a ɗayan yana riƙe da igiya. Igiyar ta kewaye mata uku tsirara, kowace da kambi a ka, kowace an rubuta sunanta: Girka, Trebizond, Asiya. A ƙasa wasu biyu sun kishingiɗa, namiji mai mashi mai baki uku yana wakiltar teku, mace mai ƙaho cike da amfanin gona tana wakiltar tudu. Wannan shi ne jerin gwanon nasara da tsofaffin sarakunan Rum ke yi idan sun dawo daga yaƙi, an ɗauko shi daga tsofaffin kuɗi da duwatsu an ɗora sultan Musulmi a kai. Daga sunayen matan nan ne aka samu mabuɗin karanta kambunan Bellini.

Mai karatu Musulmi zai ji wani iri idan ya ga Fatih tsakanin gumaka da tsiraici, kuma yana da gaskiya. Sai a tuna cewa a Fulorens aka tsara ta, da idon Fulorens, don biyan buƙatar Fulorens. Ta fi ba mu labarin Lorenzo fiye da na Sultan. Kuma akwai ƙaya a cikin rubutun. Babbar Girka tsohon suna ne na kudancin Italiya, ƙasar Sarki Ferrante, wanda shi da Fafaroma Sixtus na Huɗu suka yaƙi Fulorens bayan kisan Giuliano. A watan Agustan 1480 rundunar Sultan ƙarƙashin Gedik Ahmed Pasha ta ci Otranto a wannan yanki, abin da ya tilasta wa sojojin Napoli barin Tuskani, yankin da Fulorens take, su koma kare gida. Saboda haka wasu masu tarihi suka karanta lambar a matsayin Lorenzo na nuna wa Sultan ƙofa. Wasu suka ce Bertoldo na nufin ƙasar Bizantiya ne kawai. Ko wanne aka ɗauka, faɗuwar Otranto ta sauke wa Fulorens kaya, kuma mutanen zamanin sun lura.

Abin da talakawansa suka gani

Yanzu a ajiye lambobin a ɗauki kuɗin Sultan. A shekara ta 882 bayan Hijira, wato 1477 zuwa 1478, ya buga kuɗin zinariya na farko na daularsa, wanda ake kira sultani, nauyinsa daidai da dukat na Venis, kusan giram uku da rabi. Babu fuska a kai, babu doki, babu kambi. Rubutun Larabci ne gaba da baya: sunansa da na mahaifinsa, da wurin bugawa, da kirarin cewa shi ne ma'abocin ɗaukaka da nasara a tudu da teku. Hanyar da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya kafa ce tun ƙarshen ƙarni na 7, lokacin da ya cire hoto daga dinari. A babbar ƙofar fadar Topkapi, a rubutun shekarar 1478, an kira shi sultan na nahiyoyi biyu kuma khakan, wato babban sarki, na tekuna biyu.

Tudu da teku a kan sultani, su ne mace da namijin da Bertoldo ya kishingiɗar a ƙarƙashin karusa. Da'awar ɗaya ce, harshe ne biyu. Ga malamai da sojoji da 'yan kasuwar daularsa ya yi magana da alƙalami, domin ya san hukuncin surar mai rai a wurin malamai, ya kuma san abin da jama'a za su ɗauka da wanda ba za su ɗauka ba. Ga fadodin Italiya ya bari aka yi magana da tagulla. Shi ya sa ya sauke Justinian daga ginshiƙi bai hau ba. Hoto a wurinsa abin cikin fada ne da jakar jakada, ba abin dandali ba.

Ban ga dalilin da zai sa a ɓoye wannan ɓangare don kare martabarsa ba, kamar yadda ban ga dalilin da wasu marubutan Turai suka kafa da shi suna cewa zuciyarsa ta karkata ga addininsu ba. Mutumin da ya gina masallacin Fatih da madarasu takwas a kewayensa shi ne dai ya aika a kawo masa Bellini. Sarki ne da ya karanci abokan hamayyarsa har ya san abin da ke shiga ransu.

Bayan rasuwarsa

Fatih ya rasu ranar 3 ga Mayun 1481 a sansani kusa da Gebze, yana shirin wani yaƙi. A watan Satumba aka ƙwace Otranto. Ɗansa Bayezid na Biyu bai gaji sha'awar ba. Giovanni Maria Angiolello, Ba'italiyen da ya yi hidima a fadar, ya ruwaito cewa sabon sultan ya sa an sayar da hotunan mahaifinsa a kasuwa, fataken Italiya suka saye da yawa. Hoton Bellini sai a 1865 Austen Henry Layard ya saye shi a Venis, daga nan ya kai Landan. Lambobin ba su sha wannan wahala ba, don tun farko a Turai suka yaɗu, ana ta zuba sababbi daga tsofaffi, kuma daga gare su ne masu buga littattafai suka riƙa ɗauko fuskarsa.

Kambunan sun sake dawowa bayan shekara 50, a zamanin Sultan Sulaiman. A 1530 Fafaroma ya naɗa Charles na Biyar sarkin Rumawa a Bologna. A 1532 maƙeran zinariya na Venis suka ƙera wani kwalkwali mai kambi huɗu a jere, cike da duwatsu masu daraja, aka sayar wa fadar Istanbul ta hannun waziri Ibrahim Pasha a kan sama da dukat 100,000. Ya ɗara hular Fafaroma da hawa ɗaya. A tafiyar yaƙin da Sulaiman ya yi zuwa ƙasar Habsburg a wannan shekara, an baje shi ne inda jakadun Turai za su gani, su koma su ba da labari.